Garwa, don jin sabon mai ganga

Ranar Alhamis bayan sallar asuba na fita daga gida a Njamena, cikin hunturun Janairu, hazo ya rufe gari har ba a ganin ƙarshen titi. Jaka ɗaya ce a kafaɗata: kaya kala biyu, bargo, da saƙon da mai sauti na Garwa ya roƙa a waya, wato ƙaramin makirifo mai maƙalewa da akwatin DI guda biyu, ƙananan akwatunan nan da ake ratsa wayar jita ko ta bas, jitar nan mai kaurin murya, a cikinsu kafin ta isa mikisa, na'urar haɗa sauti. Abin da ya tashe ni wata ƙungiyar makaɗa ce da ke Garwa, wadda na taɓa haɗa wa sauti a Njamena shekara huɗu da suka wuce. A lokacin su biyar ne. Tun daga nan mawaƙin ya tafi, mai ganga ya koma Duwala, mai kibod ma ya bar su. Sunan dai yana nan, kuma an ce ranar Asabar za su fito karon farko da sababbin mutane.

Kilando, wato ɗan acaba, ya kai ni bakin gadar Ngeli a sefa 1,000. Gadar ta ratsa kogin Logon, kana saukowa kana Kuseri, ƙasar Kamaru. Babu canjin kuɗi, sefar ɗaya ce. Takardu biyu ake nema, katin shaidar ɗan ƙasa da katin allurar shawara, kuma na biyun shi ne mutane ke yawan mantawa. A wurin duwan, wato kwastan, aka buɗe jakata aka ga akwatunan DI. Mai ɗauke da kayan sauti ya riƙe rasit na kowane ɗaya, ya rubuta lambar da ke jikin kayan a takarda daban, ya nuna tun a zuwa cewa da su zai dawo. In ba haka ba, a dawowa za a ce sabon kaya ya shigo da shi. Minti ashirin aka sallame ni.

Daga Kuseri zuwa Marwa kilomita 260 ne ko kusa da haka, na biya jika tara, wato sefa 9,000, a ƙaramar bas. A taswira tafiyar awa huɗu ce. Mu mun tashi ƙarfe takwas da rabi, ba mu shiga Marwa ba sai gab da magariba. Tsakanin Maltam da Dabanga har zuwa Waza akwai wuraren da kwaltar ta zama tarihi, direba kan sauka gefe ya bi sawun manyan motoci, ƙura ta shigo ta ƙarƙashin kujeru. Wanda bai ɗaure hanci da rawani ba zai yi kwana biyu yana tari. Gyaran hanyar ya daɗe yana tafiyar hawainiya tun bayan da aka sace ma'aikata goma 'yan Sin a Waza a watan Mayun 2014, kuma har yau ba mai bin ta da dare in yana da hankali. Shingaye na ƙirga tara, na soja da na jandarma da na 'yan sanda. A mafi yawansu a sauka ne, a nuna kati, a taka da ƙafa zuwa gaba, mota ta biyo. A ɗaya an riƙe katunan mu baƙi huɗu sai da kowa ya ajiye jika guda, ba rasit.

Abin kallo ɗaya ne a hanyar, gonakin masakwa. Babu ɗigon ruwan sama tun Oktoba, ƙasa ta tsattsage, amma ga dawa tsaye da kai cike, iya ganinka. Dasa ta ake yi bayan ruwa ya janye, laka ta riƙe mata danshi har ta nuna. Mu a Chadi berbere muke ce mata, Fulanin nan kuma muskuwari.

Marwa na kwana a wani masauki a Domayo, jika shida, fanka da bokitin ruwa. Tuwon dawa da miyar yakuwa da nama sefa 1,000. Zoɓon da muke kira karkanji, a nan folere sunansa, kuma sun fi mu sa sukari. Daga Mora zuwa kudu Larabcin Shuwa ya daina aiki, Fulatanci ne harshen kasuwa, amma duk teburin mai shayi ko na mahauci da ka tsaya, ka yi Hausa za a amsa maka.

Washegari babbar bas ta ajans, wato ta kamfanin sufuri, jika huɗu, kilomita 210, ta Muturwa da Figil mai masana'antar siminti da Pitowa, muka shiga Garwa kafin a tayar da Juma'a.

Na sauka gidan ƙanen mahaifiyata a unguwar Hausawa. Bayan an ci giwan ruwa na Binuwai, wanda ya fi namu na Shari kitse, ya dube ni ya ce, "Ɗana, yanzu kai ka ƙetaro Waza don kawai ka ji ganga?" Na ce, "Kawu, ai sana'a ce." Ya ce to wane ne mawaƙin? Na ce mawaƙin ya tafi. Ya ce, "To waye za ka gani?"

Tambayar tana da tushe. A wurinmu ƙungiya sunan mutum ɗaya take ɗauka. Shata ya yi ta canza 'yan amshi da masu kalangu har ya rasu a 1999, ba wanda ya ce ba Shata ba ne, kuma da ya rasu ba wanda ya ce Shata zai yi wasa gobe. A kiɗan rok sunan na ƙungiya ne, mutane su shiga su fita. Irin wanda waɗannan yaran ke yi, wanda ake kira furog, a Ingila ya taso ƙarshen shekarun 1960, wurin su King Crimson da Yes da Genesis. Waƙa ɗaya takan kai minti goma sha biyar ko ashirin, gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da saurinta da ƙidayarta, wani wuri babu murya sam. Yes an kafa ta a 1968, kuma tun rasuwar mai bas ɗinta Chris Squire a 2015 babu ko ɗaya daga waɗanda suka kafa ta a cikinta, amma tana wasa da sunan. A Kamaru ma an gani: Les Têtes Brûlées sun rasa mai jitarsu Zanzibar a 1988 suka ci gaba. Kawu ya ce wannan kamar a ce rumfar kasuwa ce, mai ita ya tafi, allon yana nan. Ban musa ba.

Asabar ƙarfe uku na isa wurin, harabar wata cibiyar al'adu, fili mai katanga da dandamalin siminti da kujerun roba kamar ɗari biyu. Mai sautin yaro ne mai natsuwa. Ya ce, "Yaya, sannu da hanya, zo ka ga abin da muke fama da shi." Mikisa ce ta zamani mai layi 16. Ganguna sun ci shida: gangar ƙafa, ƙaramar ta tsakiya, biyu na sama, da makirifo biyu a kan farantai. Bas ɗaya, jita biyu, muryoyi uku. Na goma sha uku shi ne sabon abu, garaya.

Da mai kibod ya tafi sun yi wata shida suna neman wani, ba su samu wanda zai iya riƙe waƙar minti goma sha takwas a kansa ba. Sai suka ɗauko wani dattijo Bahaushe mai garaya, wanda ya saba kaɗa wa mafarauta. Yanzu su huɗu ne: mai jita na asali, mai bas na asali wanda ya karɓi waƙa, sabon mai ganga ɗan kudu, da Baba mai garaya. Garaya tsirkiya biyu gare ta, a murya ɗaya take zaune, ba ta iya bin kibod in ya haura ya sauko. Dole aka sake gina tsakiyar dogayen waƙoƙin su tsaya wuri ɗaya. Muryar mai bas kuma ta fi ta tsohon mawaƙin kauri, don haka aka sassauta tsirkiyoyin jita da na bas da mataki ɗaya cikakke. Sa'a ta zo, wannan ya dace da inda garayar take.

Sa mata makirifo shi ya ci mana awa guda. Fuskarta fata ce, fata kuwa tana amsa duk ƙarar da ke kusa. Da muka maƙala shi a kan fatar, sifika ta fara kuka tun ba a ɗaga ba. Muka mayar da shi gefen ƙoƙon yana kallon inda yatsa ke bugawa, tazarar yatsa uku, muka rage kaurin sautinta a mikisa, muka juya sifikar ƙasa da makaɗi ke jin kansa da sauran a cikinta, wadda masu sana'a ke kira retur, ta daina fuskantar cikin garayar. Sannan aka zauna lafiya. Hunturu ma da nasa: fata na ƙara ɗamewa da rana, ta saki in dare ya yi, ga itacen wuyan jita yana tsukewa saboda bushewa har ƙarafunan gefe suna kartar hannu. Duk abin da aka daidaita ƙarfe huɗu sai an sake shi ƙarfe takwas. Gurnanin da ke layin bas kuwa daga firjin mai sayar da lemo yake, an jona shi a waya ɗaya da dandamali. Akwatin DI ya rage shi, cire firjin zuwa wani layi ya kashe shi.

A nan na ji abin da na fi riƙewa a tafiyar. Babbar waƙarsu tana da gaɓa mai ƙidaya bakwai, irin ƙidayar Money ta Pink Floyd ta 1973. Na tambayi Baba yadda yake ƙirga bakwai, shi da ya saba da kiɗan da ke tafiya huɗu ko shida. Ya ce, "Ɗana, ni ba na ƙirgawa. Magana na sa mata." Sai ya buga yana faɗi a hankali: ba-ni, go-ro, na-da-la. Biyu, biyu, uku. Ba ni goro na dala. Yau ko ɓarin goro ba a samu a dala, amma bakwai ta cika cif. Haka tsohon mai gangar yake dukanta, nauyin yana kan "ba". Sabon kuwa a bikutsi ya tashi, kiɗan mutanen Yawunde mai tafiya shida-shida, kunnensa uku yake fara ji. In aka bar shi shi kaɗai sai ya juya ta: na-da-la, ba-ni, go-ro. Jimla ɗaya ce, amma kan ya koma wani wuri. Muddin yana jin bas a retur ɗinsa, bas na mayar da shi kan "ba".

Ƙarfe biyar da rabi, ana cikin gwaji, wuta ta ɗauke. Wutar arewacin Kamaru akasarinta daga madatsar Lagdo take, wadda aka gama a 1982 a kan Binuwai kudu da Garwa, ita ce dai wadda mutanen Adamawa ta Najeriya ke jin tsoro in an ce za a saki ruwanta. Da rani in ruwa ya ja baya sai a yi ta rabon wuta unguwa-unguwa. An tanadi janareta mai kVA 15 da gazuwal, wato man dizal, lita 20, kuma ya isa, tunda fitilun duka LED ne. Abin da ba a tanada ba shi ne ɗan akwatin ajiyar wuta irin na kwamfuta a bayan mikisa. Ta mutu, ta tashi, ta dawo kan tsarin da aka ajiye da rana, kafin gyare-gyaren ƙarshe. Magariba ta yi, aka tafi salla, aka dawo mutane sun fara shiga. Muka duba manyan sifikoki da muryoyi da garaya. Retur ɗin mai ganga ba wanda ya koma ya zauna a kujerarsa ya saurara, har da ni.

Tikiti sefa 2,000. Kujeru sun cika kamar kashi biyu cikin uku, ɗalibai ne suka fi yawa, sai ma'aikata, sai Turawa 'yan kaɗan, sai wasu tsofaffi biyar da suka biyo Baba suka zauna a layin gaba da hulunansu. An fara ƙarfe tara saura kwata.

Waƙoƙi biyu na farko gajeru ne, huɗu-huɗu, sun tafi sumul. Sabon mai gangar ya fi na da ƙarfi a ƙafa, hannunsa kuma ba ya yawan ado, ƙungiyar ta yi nauyi ta rage gudu. Ni ya fi mini daɗi haka, ko da yake ɗaliban da ke bayana, waɗanda suka san tsofaffin, suna ta gunaguni. Muryar mai bas ba ta kai ta tsohon mawaƙin tashi ba, amma kalmomin suna fita, Faransanci da Fulatanci, abin da a da sai ka yi ta kasa kunne.

Ta uku ita ce babbar. Ta fara da jita shi kaɗai, sannan bas, sannan aka shiga bakwai ɗin da garaya a gaba, tsofaffin nan biyar suna gyaɗa kai kamar a wasan mafarauta. Wajen minti na shida na lura mai gangar yana karkata kai hagu yana neman wani abu. Daga nan dukansa ya fara zamewa, nauyin ya bar "ba" ya koma "na". Waɗanda ke zaune ba su ji komai ba, don bakwai tana cika. Amma gaɓar tana da ƙarshe, kuma a ƙarshen kowa zai faɗa sabuwar gaɓa mai sauri a bugu ɗaya. Shi tunda kansa yana kan "na", ya faɗa bugu uku kafin kowa. Ya doki faranti shi kaɗai, jita da bas suna baya. Sun yi kamar daƙiƙa biyar kowa na hanyarsa kafin Baba ya daddage ya buga ba-ni go-ro da ƙarfi sau biyu, suka kamo. Da waƙar ta ƙare mai gangar ya nuna bas ya nuna kunnensa ya ɗaga yatsa sama. Ƙanena mai sautin ya duba, layin bas a retur ɗinsa yana ƙasa ƙwarai, inda yake da rana. Ya ɗaga. Daga nan har aka tashi bai sake zamewa ba.

Laifin sauti ne, namu ne, amma rabi kawai. Shekara huɗu baya, ko retur ya mutu gaba ɗaya ba za a yi wannan ba, domin tsohon mawaƙin hannunsa biyu sake suke. A gaɓar da babu waƙa yakan juya wa jama'a baya ya riƙa saukar da hannu a kan "ba", in ƙarshe ya matso ya ɗaga yatsu huɗu, uku, biyu, ɗaya. Jama'a na ɗauka rawa yake yi. Wannan aikin ba a rubuta shi a ko'ina ba, da ya tafi sai aka maye muryarsa aka manta da hannunsa. Mai bas yanzu yatsunsa a tsirkiya, bakinsa a makirifo, idonsa a gaba. Genesis sun gane irin wannan tun da wuri: da Peter Gabriel ya fita a 1975 mai gangarsu Phil Collins ya karɓi waƙa, sai suka ɗauki wani mai ganga don dandamali, Bill Bruford a 1976, daga baya Chester Thompson. A nan an ɗora wa mutum ɗaya aiki uku. Bayan wasa na faɗa wa mai jita cewa shi ya kamata ya karɓa, ya tsaya inda mai ganga ke ganinsa, ya ɗaga wuyan jita zagaye biyu kafin ƙarshe, ya saukar a kan bugun. Ya ce sun yi maganar amma ba su gwada ba. Mai gangar kuma sati bakwai kacal ya yi da su. Na ce masa Alan White kwana uku ya samu ya koyi waƙoƙin Yes da ya gaji mai gangarsu Bruford a 1972, ya yi dariya ya ce shi wancan ai yana jin bas.

Akwai waƙa ɗaya da nake ganin gara su ajiye ta. Ita kan canjin murya aka gina ta, kibod na hawa mataki-mataki har sau huɗu. Yanzu da aka tsayar da ita wuri ɗaya saboda garaya, minti tara ne na jira, mai jita yana cike ramin da na'urar maimaita sauti, jama'a suna duba waya. Amma sabuwar da suka rufe da ita, wadda aka yi da garaya a ciki tun farko, ita ce mafi kyawun abin da na ji daga gare su, tsoho da sabo. Garaya ce ke riƙe ƙidaya, bas ya samu sakewa, mai ganga ya sa shidansa a kan huɗun sauran, suna haɗuwa duk bugu goma sha biyu. An tashi sha ɗaya da kwata, gazuwal ya rage kamar lita shida.

Na bar wa ƙanena akwatin DI ɗaya aro, na rubuta a takardar duwan don kada a tambaye ni a Ngeli. Kafin in tafi na sa shi ya ajiye tsarin mikisa sau biyu, ɗaya a cikinta ɗaya a filashi, kuma ya yi alkawarin nan gaba amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, farkon kashewa.

Lahadi ranar kasuwar Pitowa ce, bas ta yi rabin awa tana kutsawa tsakanin shanu da buhunan gyaɗa. Na sayi kilishi na jika uku a Marwa, na sake kwana a ɗakin nan na Domayo, Litinin da asuba na kama hanyar Mora don in riski gada kafin a rufe. Duka tafiyar, mota da masauki da abinci da tikiti da jikar shingen nan, wadda aka sake karɓa a dawowa, ta tashi kusan jika hamsin da biyar. A wani shinge bayan Waza muna tafe a ƙafa, wani ɗan kasuwa da ke gefena ya ce, "Malam, goron me kake ta nema tun ɗazu?" Ashe a fili nake faɗi.